Ƙaramin Yatsan Pesa

Fagatogo, Samoa
9 ga Oktoba, 1995

Pesamino, ɗan innata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, sanyin Idaho bai riga ya cinye maka kunnuwa ba. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwar mahaifiyarka Inna Telesia da ke kumbura duk sanda hadari ya haɗo, da ni da nake warin kifi daga Litinin zuwa Asabar.

Kaset ya iso! Jirgin Alhamis ya kawo shi, ranar Asabar aka fito da talabijin ɗin Fasto rumfa, mutum ya fi sittin. Kana fitowa da hular kwanon nan ta ƙwallon Amurka Inna ta fara, sai ka rantse ba ta taɓa kallonka a filin sakandare ba.

"Wanne ne nawa?"

"Saba'in da huɗu, Inna. Na ƙarshen hagu cikin ƙartai biyar ɗin da suka durƙusa."

"To me ya hana su ba shi ƙwallon?"

"Ba ya taɓa ƙwallo, shi bango ne. In jifa za a yi, ya ja baya ya tare masu son murƙushe mai jifa. In gudu za a yi da ita, ya danna gaba ya buɗe hanya."

"Wato shekara uku a jami'a, turereniya yake koyo? Wannan ai tun yana goye ya iya."

Rumfa ta kwashe da dariya, amma da ka ɗaga wani ƙato ka shimfiɗe shi rigingine, ita ta fara tashi da ihu, ta manta tana da gwiwa.

Ka ce in daina rubuto maka da harshen gida, wai malamar da jami'a ta ba ka ta ce da Turanci za ka goge. To ga Turancin. Kai da nake yi wa aikin gidan da malamai ke ba ka ko bayan na bar makaranta na shiga kamfanin kifin gwangwani, yau kai ne mai buga wasiƙa da na'ura, ko harafi ɗaya babu kuskure! Na yi murna, na kuma ji haushi, ba zan ɓoye maka ba. Ni littattafan da matuƙa jirgin ruwa suka yar nake tsinta, rabi babu bango, kai kuma an gina maka ɗakin karatu hawa huɗu, na san ko ƙofarsa ba ka sani ba.

Aiko wani kaset.

Ɗan'uwanka,
Falaniko

Idaho
28 ga Oktoba, 1995

Niko,

Na gode da wasiƙa. Ina lafiya, na ƙara nauyi, koci ya ji daɗi. Ka gaishe min da Mama, ka ce ta rage tsayuwa wajen gashi, ta bar 'yan mata su yi.

Abincin nan ba laifi, sai dai babu gwaza, babu madarar kwakwa. Dankali safe, dankali rana. Abokin ɗakina sunansa Kirby, ɗan manoman masara ne. Shi yana cikin masu kutsawa su murƙushe mai jifa, don haka a atisaye kullum ni da shi ake haɗawa. Bai taɓa wuce ni ba, amma ba ya fushi. Mutumin kirki ne, yana taimaka min da abubuwa da yawa.

Koci ya ce in na riƙe gurbina har ƙarshen baɗi, masu neman 'yan wasa daga ƙungiyoyin ƙwararru za su zo kallona. Ka ji, Niko? Ƙwararru.

Ga kaset biyu.

Pesa

Fagatogo
20 ga Nuwamba, 1995

Pesa,

Ina gaisuwa. Gwiwar Inna ta yi sauƙi. Aladen Kawu Mose ya sake fasa shinge ya cinye furannin gaban coci, Kawu ya ce ba nasa ba ne, aladen kuwa ya bi shi har gida. Labarin gari ke nan. Yanzu juya shafi, ka nemi wuri ka zauna.

Ka san ƙaramin yatsanka na hagu, wanda ya karye ranar da ka faɗo daga mangwaron Fasto, wanda kake naɗewa da farin filasta? Yatsan nan yana tona maka asiri!

Na kalli kaset ɗin nan uku har matar Fasto ta fara ɓoye min wayar talabijin. Duk sanda kuka durƙusa sai in tsayar da hoton. In gudu za a yi, yatsunka biyar suna dafe da ƙasa, nauyinka duk a kansu. In jifa za a yi, ka riga ka fara zama baya tun ba a motsa ba, farin yatsan nan sai ya ɗago sama kamar Baturiya ta riƙe kofin shayi. Sau 87 na duba. Sau 85 yatsan ya faɗi gaskiya.

Jiya na gwada a gaban maza. Kafin a motsa in ce "jifa", a jefa. In ce "gudu", a gudu. Kawu Mose ya ce, "Ai ɗan banzan ya haddace ne." Na ce ya zaɓi duk inda yake so a kaset ɗin, ya zaɓa, na sake faɗa masa sau goma a jere. Ya ce in fitar masa da tsafina daga gidan Fasto. Ban faɗa musu yadda nake yi ba.

Kai, Pesa! Littafi nawa na karanta, ban taɓa karanta abin da ya yi min daɗi kamar yatsan nan ba. Amma in mai feɗe kifi ya gani a tsohuwar talabijin, wanda ke durƙushe taku ɗaya a gabanka ma zai gani. Ka gyara. Kada ka faɗa wa kowa, ko koci.

Niko

Idaho
22 ga Afrilu, 1996

Niko,

Ka yi haƙuri da daɗewa. Ina lafiya. Na ji daɗin sauƙin Mama, labarin alade kuwa ya ba mu dariya ni da Kirby.

Abubuwa ba su yi kyau ba. Tunda aka koma atisayen bazara Kirby yake wuce ni. In na ja baya, ya riga ya zagaye ni. In na danna gaba, ya kauce in faɗi da fuska. Kamar yana jin abin da mai jifa ke raɗa mana. Jiya koci ya manna takarda a bango, an mayar da ni layi na biyu, wani ɗan shekara sha tara ya hau gurbina. Ya ce a watan Agusta za a sake gwadawa, daga nan shi ke nan. Masu neman 'yan wasa ba sa kallon benci.

Ban san me ya same ni ba. Kada ka faɗa wa Mama.

Pesa

Fagatogo
6 ga Mayu, 1996

Pesamino,

Kowa lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ka ci fiye da haka ba. Kuma yau da harshen gida zan rubuta, malamarka ta je ta sha ruwa, Turanci ba shi da isasshen zagi.

Ba ka san me ya same ka ba? BA KA SANI BA? Wata biyar ina zuwa gidan waya kamar mai neman aure, har matar da ke bayan kanta ta fara ce min, "Niko, ko ta auri wani ne?" Sai ga wasiƙa ta zo da maganar alade! Ƙaton banza, kan kwakwa, na cika maka shafi guda a kan YATSA, ka tsallake ka kama alade?

Ko don daga bakin mai feɗe kifi ta fito? Faɗa min gaskiya. Kun zauna kai da farin abokinka kun yi dariya, ko? "Ga ɗan'uwana da bai gama sakandare ba yana koya min ƙwallo." Da wani mai usur a wuya ne ya faɗa maka, da ka durƙusa ka ce na gode, ranka ya daɗe.

Bari in sake faɗa da manyan baƙaƙe, tunda jami'a ta toshe maka kai. ƘARAMIN YATSANKA NA HAGU, MAI FARIN FILASTA, YANA ƊAGAWA IN ZA A YI JIFA. YANA KWANCE IN ZA A YI GUDU. Kirby ɗinka ba maye ba ne, ido gare shi.

Ka san abin da ya fi ci min rai? Kullum ina tsaye awa tara gaban tebur, ƙaya na shiga min farce, abin da nake tunani shi ne aƙalla ɗayanmu ya fita. Kai kuma kana can kana zubar da shi saboda girman kai.

Kada ka ba ni amsa in alade za ka tambaya. Yana lafiya.

Falaniko

Idaho
2 ga Yuni, 1996

Niko,

Wannan hannuna ne. Kada ka yi dariya.

Kwana tara na yi ina karanta wasiƙarka. Kirby ya buɗe, ya ce ba ya jin yaren. Sai na ɗauka na shiga banɗaki. Harafi harafi, yadda Fasto ya koya mana muna yara. Zagin ne ya fi sauƙi, na san muryarka.

Na yi maka ƙarya. Babu malama. Na je sau biyu, ta sa ni karatu a gaban mutane, ban koma ba. Jarrabawa da baki ake yi min. Kirby ke karanta min wasiƙunka. Ni in faɗa, shi ya buga amsa. Shi ya sa na ce Turanci.

Na nemo ta Nuwamba a akwati. Shafi biyu ce. Na ga 87, na ga 85. Bai taɓa karanta min lamba ba. Gwiwa da alade ya karanta, ya ninke.

Ban yi maka dariya ba. Ban taɓa ba.

Gadonsa taku biyu ne daga nawa. Bai san na sani ba. Ina so in karya masa wuya.

Pesa

Fagatogo
17 ga Yuni, 1996

Pesa, ɗan'uwana,

Ina gaisuwa, ta gaske wannan karon. Inna lafiya, ban faɗa mata komai ba.

Na karanta wasiƙarka a bakin gidan waya, sai da na nemi dutse na zauna. Ni mai taƙama da karatu, ni da na hango yatsa daga wancan gefen teku, ka ce min "rubuto da Turanci" ban gane abin da ke ƙarƙashinsa ba. Da hannuna na miƙa wa mutumin nan wuƙa, har na lasa masa kan sarki. Ka yafe min kan kwakwa. Ƙaton banza dai yana nan, don ka yi min ƙarya.

Rubutunka kamar kaguwa ta bi ta cikin tawada. Na adana shi cikin Littafi Mai Tsarki.

Yanzu saurara. KADA KA TAƁA SHI. Ka karya masa wuya a kore ka, ka dawo nan mu feɗe kifi tare, in kuwa haka ta faru ni zan karya naka. Kuma kada ka gyara yatsan! Bar shi ya ci gaba da faɗa wa Kirby gaskiya, kullum, har ya daina kallon komai a jikinka sai shi. Kai kuma ka nemi wurin da babu kowa, ka koyi ɗaga yatsa alhali gaba za ka danna, ka koyi kwantar da shi alhali baya za ka ja. Sau ɗari a rana. Ranar gwajin Agusta, sanda koci ya riƙe biro, ranar yatsan zai fara ƙarya.

Kai, Pesa, ina ma ina wurin! Tun da na yi tunanin nan nake dariya ni kaɗai a layin kifi, har wata tsohuwa ta ce, "Yaron nan ya fara taɓuwa, littattafan nan ne."

Daga yau gajerun wasiƙu zan riƙa aiko maka, da harshen gida, da manyan baƙaƙe. Wannan ba ta cikin lissafi.

Niko

Idaho
25 ga Agusta, 1996

Niko,

Ina lafiya. Kwana huɗu kawai na yi a kan taka.

An yi gwajin jiya. Na ɗaga yatsa. Kirby ya taho a guje zai zagaye ni, ƙirji a buɗe. Na danna. Niko, na ga tafin takalminsa duka biyu. Sau uku haka. Na huɗu ya tsaya yana kallon hannuna, bai motsa ba har aka jefa ƙwallo.

Koci ya ce, "Ina ka ɓoye wannan tun bazara?" Sunana ya koma sama.

Bayan wanka Kirby ya zauna kusa da ni.

"Tun yaushe ka sani?"

"Yuni."

"Wa ya karanta maka?"

"Ni."

Ya dubi yatsana. Sai ya ce, "Da ban yi haka ba, ni za su kora a bazara, Pesa. Da na koma gonar masara."

Na ce, "Na sani. Ka nemi wani ɗaki."

Na koma wajen malamar. Na ce mata ni da ita kaɗai, ko babu. Ta yarda.

Pesa

Fagatogo
21 ga Afrilu, 1997

PESA!

Lafiya, kowa lafiya, babu mai lokacin ciwo! Ka san a tsakiyar wa'azi ka kira? Waya ta yi ta ruri a gidan Fasto, coci duk ana ji, kowa ya san ranar da ƙungiyoyin ƙwararru ke zaɓen 'yan wasa ce, kowa ya yi kamar bai sani ba. Matar Fasto ta sulale ta fita. Ta dawo babu hula, ta tsaya a ƙofa ta ɗaga yatsu shida. A zagaye na shida aka zaɓe ka! Fasto ya dube ta, ya dubi littafinsa, ya ce, "Jama'a, Ayuba ya jira da yawa, zai iya ƙara mako guda." Aka ɓarke da waƙa.

Inna ta kama ni tana kuka. "To can ɗin za su ba shi ƙwallon?" Na ce a'a. Ta ce, "Marowata."

Na duba garin ƙungiyar da ta ɗauke ka a taswira, bakin wani tafki ne da ya ninka tsibirinmu sau ban san nawa ba. Na kuma binciko: mutum tamanin ake tarawa a sansani, hamsin da uku ake bari. Don haka kada kanka ya kumbura. Kaset tara na kalla na kakar da ta wuce, yatsan ya yi ƙarya yadda ya kamata, babu wanda ya kama shi. Ka tafi da shi.

Niko

Sansanin atisaye
14 ga Agusta, 1997

Niko,

Ina lafiya. Gaishe da Mama.

Nan ba jami'a ba ce. Akwai wani tsoho, Odell, shekara sha ɗaya yana kutsawa. Kwana biyu ya yi ya gama da ni. Ya ɗaga ni daga ƙasa ya ce, "Yaro, yatsanka maƙaryaci ne, amma ɗuwawunka mai gaskiya ne. Kana tsoron ja da baya, shi ya sa kake fara zama." Kowa ya yi dariya.

Ni da wani mai tarewa irina muke neman gurbi ɗaya. Saura kwana goma. Wanda za a kora, da safe wani zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce koci na nemanka, ka taho da littafin dabaru.

Ba a fitar da kaset daga nan. Me zan yi?

Pesa

Fagatogo
26 ga Agusta, 1997

Pesa,

Muna lafiya. Yau taka ta iso, kwana goman sun wuce shekaranjiya. Duk abin da zai faru ya riga ya faru, ni ina nan riƙe da biro kamar wawa. Na je zan kira, matar waya ta ce ba ta da lambar sansanin, na faɗa mata maganar da sai na koma ban haƙuri.

Kuma ko da ta iso da wuri, ba ni da abin faɗa. Na koma kan tsofaffin kaset, tsohon nan ya yi gaskiya, yana nan a fili, shekara biyu ina kallon yatsa ban taɓa ɗaga ido ba. Dabarata ta ƙare a nan. In an ƙwanƙwasa, ka dawo gida kanka a sama, duk wanda ya buɗe baki ni zan rufe masa. In ba a ƙwanƙwasa ba, ka rubuto, don Allah, ko layi ɗaya.

Niko

30 ga Agusta, 1997

Niko,

An ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa da tawa. Na zauna a bakin gado har rana ta take. Babu wanda ya zo.

Na roƙi Odell ya tsaya min bayan atisaye. Kullum in durƙusa, shi ya faɗi abin da zan yi. Ranar farko bai yi kuskure ba. Rana ta takwas ya kasa canka, ya ce, "Tafi, ka ishe ni."

Pesa

Fagatogo
13 ga Oktoba, 1997

Pesamino, ɗan innata,

Gaisuwa mai yawa. Inna lafiya, ta ce ka rage aiko mata riguna, jiki ɗaya gare ta.

Kaset ɗin wasanka na farko ya iso. Da na gabanka ya ji ciwo aka turo ka, rumfar Fasto ta kusa rushewa, wani ya taka min ƙafa har yanzu ina ɗingishi. Wannan duk ka sani ko ban faɗa ba. Ga abin da ba ka sani ba.

Bayan kowa ya watse na zauna da takarda da biro. Sau talatin da ɗaya ka durƙusa a wasan nan. Na tsayar da hoto, na dubi yatsa. Na dubi ɗuwawu, Allah ya yafe min, ban taɓa ƙura wa na namiji ido haka ba. Na dubi diddige, wuya, inda hular ta karkata. In rubuta "jifa" ko "gudu", sannan in saki kaset. Sha biyar na ci, sha shida na faɗi. Da kwabo na jefa sama da ya fi ni. Na sake, na sake, har kaset ya fara kuka, matar Fasto ta leƙo ta ce, "Niko, lafiya kake zagin talabijin?"

Na ce, "Ba na iya karanta shi, Mama."

"To kuka kake ko dariya?"

Ni kaina ban sani ba. Tun muna aji uku babu abin da za ka yi ban riga ka sani ba. Yanzu ga ka durƙushe a gabana, ƙato guda, rufe ruf, ni da ƙartan da ake biya su karanta ka duk ɗaya muke. Haushi kamar in fasa gilashin. Kada ka kuskura ka canza komai.

Wasiƙa dai ka rubuto da hannunka, ka faɗa min gaskiya a ciki. A filin wasa kuwa, ko ni kada ka faɗa wa.

Ɗan'uwanka,
Falaniko